Haƙƙin Mai Ziyara a Kan Ruwan Bakalori

Duk wanda ya tare gulbi, sarki ne ko hukuma ko kamfani, ya ɗauki bashi biyu a wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba: bashin ruwan da ya hana gangarowa ga waɗanda suka saba sha da noma da kamun kifi a cikinsa, da bashin hanyar da ya yanke wa waɗanda suka saba bin gulbin ko ƙetare shi zuwa ga danginsu. Na farkon kowa ya san shi, masana sun yi ta rubutu a kansa, har jini ya zuba saboda shi a wannan ƙasa tamu. Na biyun kuwa, wanda shi nake nufin jawo hankalin masu karatu gare shi, da ƙyar za ka ji an ambace shi a majalisa ko a ofis, alhali kuwa da wuya damina ta wuce a arewacin Nijeriya ba a yi jana'izar waɗanda ruwa ya ci a kan hanyarsu ta zuwa kasuwa ko biki ko gona ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai wanda ya zauna tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura ya san akwai watanni a cikin shekara da ƙafa takan kai mutum bakin gaɓa ta tsaya, daga nan sai abin da ruwa ya yarda. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau, ya ratsa wannan ƙasa kafin ya sadu da Rima kusa da birnin Shehu, su gangara tare ta Argungu da Birnin Kabi har su faɗa Kwara, tun asali gulbi ne mai hali biyu. Da rani yakan janye ya bar yashi shimfiɗe, jaki da akuya da yaro duk su ƙetare. Da damina kuwa, musamman daga Yuli zuwa Satumba, sai ya cika ya batse, ya malale fadama, ya raba ƙauye da ƙauye, ya raba mutum da gonarsa. To, da yake mutanen fadama ba su taɓa ɗaukar gulbi a matsayin iyaka ba, sun yi auratayya tsakanin gaɓa da gaɓa tun kaka da kakanni, har ya zama da wuya ka sami gida a wannan ƙetare da ba shi da 'ya ko ƙanwa ko gwaggo a wancan. Haihuwa kuwa da mutuwa ba ruwansu da damina. Dole a je barka, dole a je suna, dole a je gaisuwar rasuwa tun ba a share makoki ba, kuma wanda ya ƙi zuwa ya ce ruwa ne ya hana shi, za a karɓi uzurinsa da baki, amma abin zai daɗe a zuci.

Magabata ba su bar wannan larura hakanan ba. Kowane sanannen mashigi yana da masu fitonsa, kowane yanki na gulbi yana da Sarkin Ruwa, wanda ya san inda gurbi yake, da inda yashi ke zabtarewa, da ranar da ba a shiga ruwa ko da ɗan sarki ne ya zo da gaggawa. Inda babu jirgi akwai gora: matafiyi ya naɗe tufafinsa ya ɗora a ka, ya rungumi ƙaton gora, mai fito yana iyo yana tura shi har su kai tudu. Masu tarihi ma sun ruwaito cewa Kanta na Kabi, a ƙarni na 16, yakan zaga ƙasarsa a cikin babban jirgi idan ruwa ya cika, abin da ke nuna cewa sarakunan wannan kwari sun san ruwa hanya ce ta mulki da ciniki tun kafin Bature ya zo da kwalta.

A waɗansu ƙasashe, inda koguna ba su ƙafewa kuma jirage ne ke dakon abinci da kwal da mutane, masu tare ruwa sun daɗe da gane wannan bashi na biyu, suka kuma ƙago dabarar biyansa, wadda ya kamata in bayyana ta filla-filla, domin a kanta hujjata ta tsaya. Idan madatsa ta mai da ruwa hawa biyu, na sama da na ƙasa, sai a gina wani ɗaki marar rufi a gefenta, mai kaurin bango, tsawonsa da faɗinsa daidai jirgi, kamar zauren gida mai ƙofa biyu, ta waje da ta ciki, waɗanda ba a buɗe su lokaci guda. Jirgin da ya taso daga ƙasa ya shiga, a rufe ƙofa a bayansa, sa'an nan a ɗaga waɗansu 'yan marfai da ke jikin ƙofar sama, ruwa ya riƙa ɓulɓulowa ta ƙarƙashi, jirgi yana ɗagawa sannu sannu, mutanen ciki suna kallon jiƙaƙƙen bango mai gansakuka yana yin ƙasa, har ruwan ɗakin ya daidaita da ruwan sama. A sa'an nan ne ƙofar da ƙarti goma ba su iya motsawa ɗazu, saboda nauyin ruwan da ke danne da ita, yaro ɗaya zai jingina bayansa da gungumen da ke kanta, ya tura, ta buɗe, jirgi ya wuce. Mai gangarowa kuma a juya masa aikin, ya shiga ɗakin yana cike, a saki ruwan ta ƙasa, ya sauka tare da shi. Babu famfo, babu inji mai ɗaga jirgi. Ruwan da kansa ke aikin, mutane kuwa nasu jira ne da bin layi. Wannan ita ce matakalar ruwa.

Masana tarihi sun ce wani ma'aikacin hukuma a ƙasar Sin, mai suna Qiao Weiyue, shi ya fara gina irinta mai ƙofa biyu a shekarar 984, a kan babbar hanyar ruwan da ake bi da hatsin haraji. A mashigin Panama kuwa, wanda aka buɗe a 1914, da ita ake ɗaga manyan jiragen teku kimanin mita 26, a sauke su a ɗaya tekun. Mu Musulmi ma ba baƙi ba ne ga haƙa hanya domin jirgi, gama bayan shekarar yunwar nan da ake kira Amur Ramada, a zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, Amru ɗan Asi ya sake haƙe tsohuwar hanyar da ta haɗa Nilu da Bahar Maliya, aka riƙa kai hatsin Masar ƙasar Hijaz ta ruwa, aka kuma jingina sunanta ga Amirul Muminina. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne sha'anin Ingila. Sun haƙa hanyoyinsu na ruwa tun daga wajen 1760 domin dakon kwal, jirgin ƙasa ya zo ya kashe musu kasuwa, da yawansu suka cushe da laka da ciyawa, har bayan yaƙin duniya na biyu waɗansu masu sa kai suka tashi suka yashe su. A yau wata hukumar amana guda ɗaya tana kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi, kuma galibin masu binsu iyalai ne a cikin siraran jirage da faɗinsu bai wuce ƙafa 7 ba, gudunsu bai wuce mil 4 a sa'a ba, watau saurin mai tafiya da ƙafa. A wani tudu da ake kira Caen Hill akwai matakalai 29 a jere, waɗanda haurarsu kan ci wa mutum rabin yini. Magidanci yakan kwashi iyalinsa ya yi kwanaki yana tafiyar da mota ke gamawa kafin azahar, ya ɗaure jirginsa kusa da garin ƙanwarsa ko wani tsohon abokinsa, su fito su tarye shi, su taya shi tura ƙofofi, su ci abinci tare a bisa ruwa. Su suna da jirgin ƙasa da titi, suka kiyaye hanyar ruwa domin shaƙatawa da ziyara. Mu da larura ta ɗora a kan ruwa mun bar tamu ba mai kula.

Ba sai an je Turai ba. A Markala ta ƙasar Mali, inda Faransawa suka gama tare Kwara a 1947 domin ban ruwan gonakin shinkafa da auduga, an haƙa wata hanya a gefen madatsar, aka sa mata matakala, domin jiragen da ke zuwa Mopti da Tambutu da Gawo su sami wucewa idan ruwa ya cika. A Kainji ma, wadda aka gama a 1968, an gina matakala domin jiragen dakon kaya su iya haurawa zuwa Yawuri, ko da yake ta shafe shekaru masu yawa ba ta aikin da aka yi ta dominsa. Ko mene ne ya same ta daga baya, waɗanda suka zana ta sun yarda da asali guda, cewa kogi yana da masu wucewa, kuma wanda ya tare shi wajibi ne ya bar musu ƙofa.

Yanzu a dubi Bakalori. A 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a gina madatsa madaidaiciya a wannan yanki; amma da kuɗin man fetur suka zo, sai buri ya ƙaru, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aiki, aka fara a 1974, aka gama ginin madatsar a 1978, tafkin ya cika a 1981, duk a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawon bangon ya kai kilomita 5.5, tsayinsa a tsakiya mita 48. Tafkin ya rufe hekta 8,000, ya miƙa kimanin kilomita 19 zuwa sama, yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Aka kuma ƙudura shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Maradun da Mafara da Bakura. Ba na cikin masu cewa aikin bai yi amfani ba, domin wanda ya ga shinkafa da masara da kayan lambu suna fita daga wannan kwari a tsakiyar rani ba zai faɗi haka ba. Amma farashinsa ya yi tsada. An tashi dubban mutane daga garuruwansu aka kai su sabon matsuguni, an karɓe gonaki aka hana shuka su shekara da shekaru ana gyaran ƙasa, diyya ta yi jinkiri ko ta ƙi zuwa, manoma suka tare hanyoyin aikin, har a ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, waɗansu masu bincike kuwa suka ce sun haura 380. Allah ya jiƙansu da rahama. A ƙasan madatsar kuma, kamar yadda W. M. Adams ya nuna a bincikensa, ambaliyar da fadama ta dogara da ita ta ragu, masu shinkafa da yawa suka koma gero da dawa, masunta suka rasa kifi, waɗansunsu suka yi ƙaura.

Dukan wannan an rubuta shi. Abin da ba a rubuta ba shi ne cewa masu ƙididdigar diyya sun auna gona, sun ƙirga ɗakuna da rumbuna da itatuwan ɗorawa, amma babu wanda ya zo da littafin da za a rubuta nisan da aka sa tsakanin uwa da 'yarta. Ƙauyukan da da can ake jin kiran sallar juna, sai ga tafki mai faɗi a tsakaninsu, mai son ziyara ko dai ya zagaya ta tudu ya ɓata yini, ko ya shiga kwale-kwalen masunci wanda ba domin fasinja aka sassaƙa shi ba. A cikin gonakin ban ruwa kuma manyan kanal sun yanke tsofaffin turbobi da burtali, mai zuwa gidan surukansa ya zama sai ya nemi inda injiniya ya ga dama ya sa gada. Har ilimin Sarkin Ruwa ya sami tawaya, domin a da yana karanta gulbi daga hadarin da ya gani a gabas da launin ruwan da ya iso, yanzu kuwa ruwa yana iya tasowa a ranar da babu ko gajimare, saboda an ɗaga ƙofa a madatsa.

Kada mai karatu ya zaci ina kira ne a gina matakalar jirage a Bakalori. Hakan ba maslaha ba ce, almubazzaranci ne. Haurar bango mai mita 48 sai da ɗakuna da yawa a jere ko ɗaya mai zurfin gaske. Kowace shiga da fita tana zubar da ruwan da zai shayar da gonaki. Gulbin da ke ƙasa ba ya ɗaukar jirgin kaya a galibin shekara. Kanal ɗin kuwa an gina su ne domin kai ruwa gona, da ƙofofinsu na rabon ruwa da gajerun gadojinsu, ba domin jirgi ba. Idan matakalar Kainji, da take kan Kwara mai ruwa rani da damina, ta zauna ba aiki, ta Bakalori ba za ta fi ta sa'a ba. Abin da nake nema shi ne asalin da ya haifi matakala, watau iƙirarin cewa mai wucewa yana da haƙƙi a kan wanda ya mallaki ruwa, kuma a nan ƙasar haƙƙin nan sunansa jirgin fito mai aminci, da mashigi ginanne, da sanarwa kafin sakin ruwa.

Wanda yake so ya ga inda matsalar take, ya je bakin mashigi ranar Talata a cikin watan Agusta, da hantsi, sa'ad da 'yan kasuwa ke hanzarin isa Mafara. Na tsaya a irin wannan wuri na ga jirgin katako mai facin gwangwani da kwalta, wani yaro a tsugune a tsakiyarsa yana kwarfe ruwa da yankakken galan tun ba a tashi ba. An ɗora buhuna, an kwantar da babura biyu, an ɗaure akuya a jikin ɗaya, mata da goyo sun jeru a gefe, har abin da ya rage tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Mai fito ya riga ya kafa gwangwala zai tura, sai ga wata tsohuwa ta gangaro da sauri, da kwano ɗaure cikin ɗankwali a kanta.

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, jirgi ya cika. Ki jira in dawo."

Ta ce, "Haba ɗan nan, sunan jikata za ni. In na jira ka dawo, ai sai in iske an watse. Ni nawa nake?"

Ya dubi ruwa, ya dube ta, ya miƙa mata hannu. Aka matsa, ta zauna, kowa ya yi bisimilla, Allah ya kiyaye suka kai. Masu magana daga birni sukan ce kwaɗayin kuɗi ke sa masu jirage yin lodi fiye da kima, kuma akwai wannan. Amma wanda ya ga abin da idonsa ya san kunya ma tana cika jirgi. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai iya kallon sa'ar mahaifiyarsa, wadda watakila ita ta yi masa wanka yana jariri, ya bar ta tsaye a gaɓa ba. Saboda haka dokar da za ta tsare rayuka dole ta zo daga wajen mai fito, ta zama abin da zai iya nunawa da yatsa: zane na fenti a jikin jirgi, wanda idan ruwa ya taɓa shi magana ta ƙare, da wakilin Sarkin Ruwa a tsaye wanda zai ɗauke masa nauyin cewa a'a, da tabbacin cewa wani jirgi yana nan tafe a sa'a sananniya, domin tsohuwa ta san jiran nata yana da iyaka.

Sakamakon rashin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen Nuwamba na 2021, a Bagwai ta jihar Kano, jirgi ya kife a tafkin madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa rayuka aƙalla 29, galibinsu yara. A Yuni na 2023, a ƙasar Patigi ta jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka halaka suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. A Satumba na 2024, a nan Zamfara, jirgi ya kife da manoma a Gummi suna zuwa gonakinsu, gomman mutane suka tafi. Maulidi da biki da gona: babu ɗaya daga cikinsu da ya fita yawon banza. Bayan kowace musiba akan yi ta'aziyya, a kai shinkafa da kuɗi, a ce ƙaddara ce. Lalle ƙaddara ce, kuma mun yi imani da ita, mai daɗinta da marar daɗinta. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa imani da ƙaddara yana ɗauke wa mai sakaci alhaki ba.

Hasali ma fiƙihunmu bai bar jirgi babu hukunci ba. Duk almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya karanta cewa mai jirgi ba ya cancantar kuɗin haya sai ya isar da abin da ya ɗauka inda aka yi sharaɗi, kuma ba a ɗora masa lamunin abin da ya halaka. Masu sharhi kuwa suka bayyana cewa ɗauke lamunin yana tsayawa ne inda babu sakaci ko ƙetare haddi. Idan haka aka tsananta a kan buhun hatsi, ina ga rai, wanda tsare shi yana cikin manyan manufofin shari'a? Kuma akwai ƙa'idar da malaman usulu suka kafa, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Sada zumunci wajibi ne wanda aka yi gargaɗi mai tsanani a kan yanke shi. Idan kuwa mutanen wani yanki ba su iya sada shi sai ta ruwa, to gyaran hanyar ruwan ya shiga cikin abin da ke kan al'umma da shugabanninta. Ina fata masu wa'azinmu, waɗanda suke yawan tsoratar da mu a kan yanke zumunci, su riƙa ƙara wannan rabin maganar idan masu mulki suna sahun gaba.

Dokokin ƙasa ma akwai su. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Sai dai Lakwaja tana da nisa da fadamar Bakura, kuma ma'aikacin da zai zo sau ɗaya a shekara ba zai tsare mashigi ba. Wanda yake kwana yana tashi a bakin ruwa shi ne Sarkin Ruwa da yaransa, su ya kamata a ba iko a rubuce, da ɗan alawus daga ƙaramar hukuma, da rigunan ruwa a ajiye a hannunsu waɗanda fasinja zai sa a wannan gaɓa ya tuɓe a waccan, har da ƙanana na yara, domin rigar babba ba ta riƙe yaro. A kan tafkin kuma, inda nisa ya fi yawa kuma iska ke tashi da la'asar, a sa jirage masu inji da faffaɗan ciki, masu tashi a sa'o'i sanannu, a yawaita zuwansu ranakun kasuwa da kwanakin salla, a kuma yi wa hanyarsu alama da abubuwa masu yawo a bisa ruwa, gama tafkin da aka yi a kan gonaki da itatuwa ba ya rasa kututture a ƙarƙashinsa. Kada a kori masu fito na gado a kawo baƙi. Su za a koya wa inji a damƙa musu jiragen bisa amana, su riƙa biya a hankali.

Rabon hukumar madatsa a cikin wannan ya fi na kowa sauƙi, kuma ya fi na kowa zama tilas. Kafin a ɗaga ƙofa a saki ruwa mai yawa, a sanar da masu unguwanni da sarakunan ruwa na ƙasan gulbi har iyakar Bakura da abin da ke bayanta, ta waya da rediyo da sanƙira, da isasshen lokacin da mai gona a tsibiri zai fito. Sa'an nan a bi manyan kanal da dattawan ƙauyuka, su nuna inda tsofaffin turbobi suke, a sa gadojin ƙafa masu makari, a kuma yi matakai a jikin siminti a wuraren da mata ke wanki, domin gefen kanal yana da santsi, yaron da ya zame ba ya samun abin kamawa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 domin gyaran manyan ayyukan ban ruwa a arewa, Bakalori na cikinsu. Aikin da ya iya yashe kanal da kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ba zai gaza gadar ƙafa ba, in dai an sa ta cikin lissafi.

Na san abin da za a ce: ƙasar da 'yan bindiga suka hana barci, wa yake ta jirgin ziyara? Ba na raina wannan magana. A shekarar 2021 kaɗai an kwashi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu, an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a Agusta, an kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba. A daidai wannan lokaci kuma aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, har gaisuwar da ta rage wa mutane ta baki ita ma ta yanke na wani lokaci. Akwai tsofaffi a waɗannan ƙauyuka da suka shekara ba su ga jikokinsu ba. Jirgin fito ba zai kori ɓarayi daga daji ba, kuma ban ce zai yi ba. Amma duk wanda ya bi labarin hare-haren nan ya san cewa idan aka faɗa wa ƙauyen da ke bakin ruwa, gulbi mutane ke nufa, su afka wa duk jirgin da suka samu, cikin duhu, da yara a hannu, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanya. Rashin tsaro ƙarin dalili ne na a sami jirgi mai ƙwari da rigunan ruwa a mashigi. Bayan haka, mashigi ginanne mai sa'o'i sanannu wuri ɗaya ne da jami'an tsaro za su iya tsayawa a kai, saɓanin turbar daji da ba ta da farko ba ta da ƙarshe.

Farawa ba ta bukatar jiran Abuja. Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, Allah ya ja zamaninsu, suna da ikon kiran sarakunan ruwa da hakimansu a zama ɗaya, a ƙirga mashigai nawa ne a ƙasashen nan uku, jirage nawa ke aiki a kowanne, wanne ne ya ruɓe, mutum nawa kowanne ke ɗauka ba tare da haɗari ba, a miƙa wannan lissafi ga shugabannin ƙananan hukumomin uku da gwamnatin jiha a Gusau da hukumar madatsa, kowa da abin da ya hau kansa a rubuce. Lokacin wannan aiki shi ne tsakanin Janairu da Afrilu, sa'ad da ruwa ya ja baya, ana iya kafa ginshiƙan mashigi a busasshiyar ƙasa, a kife jirage a duba cikinsu, a ja musu zanen fenti, a kuma shigar da kuɗin rigunan ruwa da alawus na masu tsaron mashigi cikin kasafin shekara kafin ruwan farko ya sauka.